Kifin da Ba Shi da Baƙin Ido

Shekara ashirin da shida Shefali Mondal ta yi a ɗakin bincikenmu na Kolkata, ban taɓa ganin ta ɓarar da ko ɗigo ba. Didi muke ce mata, wato Yaya, har shugabanmu Dakta Bagchi. Aikinta jiƙa 'ya'yan kifi a magani har namansu ya koma garau kamar gilashi, don a ga jijiyoyinsu a na'ura. Kifin ɓacewa yake cikin ruwan, sai ɗigon baƙin idonsa biyu. Da su take gane inda yake.

Bara Dakta ya zo da sabuwar hanya mai wanke har baƙin idon, yana ta murna kamar an yi masa haihuwa. A shekarar kuma cutar yanar ido ta fara rufe idon Didi. Ni kaɗai na sani, don na kama ta tana laluben kofin shayinta.

"Moumita, ki kuskura ki faɗa, sai na aske miki kai," in ji ta. "Wankin kwalabe za su mayar da ni da tsufana."

Ranar da nake tsoro ta zo. Cikin kifayen da aka kawo daga rafukan Meghalaya ɗaya tal ya rage, ya kwana tara a magani.

"Didi, ke za ki ɗauko shi," in ji Dakta. "Hannun Moumita rawa yake kamar mai zazzaɓi."

Ranar kam bai yi ƙarya ba. In ta soke kifin, ya lalace. In ta ɗora ruwa zalla a kan gilashin na'ura, asiri ya tonu. Ta zura ɗan burushinta tana zagaya kwanon a hankali, da hannu take nema. Can ta tsaya, ta ɗaga, ta ajiye a kan gilashi. Ni ban ga komai ba.

Dakta ya kunna na'ura. Allon ya daɗe baƙi ƙirin, sannan koren zare ya fito, daga ƙwaƙwalwa har cikin ido.

"Didi, dubi! Jijiyar ido ce gaba ɗayanta!"

Ta ɗaga kai ta yi murmushi. "Ta yi kyau, Dakta."

Da muka fito shan shayi ta riƙe hannuna a matakala.

"Gobe ki raka ni wurin likitan ido. Amma tsaya tukuna, Moumita. Faɗa mini, yaya jijiyar take?"