Batirin Yamusa Mai Hoto

Yamusa ya shekara goma sha tara yana ɗaukar hoto a Kwali da ƙauyukan da ke kewaye. Ɗan wani ƙauye ne na manoma a bayan Yangoji, amma tun yana saurayi ciwon baya ya raba shi da fartanya. Wani fasto ne ya koya masa riƙe kyamara. Bikin coci, suna, walimar sauka, hoton fasfo na 'yan makaranta, duk shi ake nema. Da wayoyi suka yi yawa kasuwa ta ja baya, sai dai har yanzu tsofaffi ba su yarda hoto ya yi ba in ba nasa ba.

A daminar bara wani kamfani ya zo da takardu, ya ce filin da ke gabashin ƙauyensu nasa ne, kuma katafila za ta shiga ranar Litinin. A cikin filin maƙabartar ƙauyen take, ta Kirista da ta Musulmi bango ɗaya. Wata lauya, Halimat, ta yarda ta tsaya musu. Ta ce su kawo mata hoton kowane kabari, sunan da ke kai ya fito sarai, kafin Juma'a ta wuce.

Ranar Laraba Yamusa ya shiga maƙabartar da batir a cike. Hoto tara ya ɗauka, kyamara ta mutu. Ya koma Kwali, ya yi caji a shagon mai janareto, ya dawo. Wannan karon bakwai. Ya sa sabon batirin da ya saya watan jiya, shi ma bai kai ko'ina ba. Ya goge bakin batirin da gefen rigarsa, ya hura ramin, ya canza caja, ya canza soket. Dattawan da suka rako shi suna tsaye cikin ciyawa suna kallonsa. Gumi ya jiƙa shi sharkaf. An gwada wayar wani, amma rubutun kan siminti ya tsufa, bai fito ba.

Da asubar Alhamis ya hau mota zuwa Wuse. A kasuwa aka yi ta tura shi daga wannan layi zuwa wancan, har ya kai ga Rilwanu, wani mai gyara da ke zaune a ƙarƙashin bene. Rilwanu ya gwada batiran da mita. Ya ce tsohon ya kumbura, sabon kuma jabu ne. Ya ɗauko mai kyau ya sa, ya kashe kyamarar, ya ajiye ta a gefe. Bayan rabin awa ya duba, caji ya ragu sosai. Ya ce matsalar ta wuce batir, wani abu ne a ciki yake shan wuta ko an kashe ta, kuma sai an aiko da kayan daga Legas, mako guda aƙalla.

"Malam, ba ni da mako," in ji Yamusa. "Gobe kawai nake da shi. Iyayenmu ne a wurin."

Rilwanu ya jawo masa kujera. Ya kashe allon baya, ya kashe filasha, ya kashe duk abin da ke haɗa kyamarar da waya. Ya ce ya riƙa leƙawa ta ƙaramin ramin sama, kada ya duba hoton da ya ɗauka, kuma ya cire batir da zarar ya danna. Ya bar masa batirin mai kyau.

"Oga, in Allah ya taimake ka za ka samu arba'in. Kar ka ɗauki ɗaya sau biyu."

Kaburbura hamsin da uku ne suka rage.

Ranar Juma'a hadari ya haɗo tun safe. Yamusa ya sa mata su riga shi gaba suna share ciyawa, suna goga alli a kan sunaye. Shi kuma ya durƙusa, ya sa batir, ya danna, ya cire. Sau biyu batirin yana faɗuwa cikin laka. Mama Lucia, wata tsohuwa mai ginin tukwane, ta riƙe masa hannun riga tana roƙo ya fara da na ɗanta. Kowa ma nasa yake nunawa. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, bai san ko abin da yake ɗauka yana fitowa ba.

Bayan na arba'in da huɗu kyamara ta ɗauke. Ya ɗumama batirin a hammatarsa, ya mayar, ta ba shi ɗaya, ta mutu gaba ɗaya. Cikin takwas ɗin da suka rage har da na mahaifinsa, wanda ya bari sai ƙarshe don kada a ce ya yi son kai. Ya zauna a gefensa har ruwa ya sauko.

Cikin na ranar, hotuna arba'in da ɗaya ne suka fito da kyau. Halimat ta haɗa da na Laraba ta shigar da su kotu, aka dakatar da aikin zuwa lokacin da za a saurari ƙarar, sai dai takardar kotun ba ta iso ba sai Litinin da azahar. Kafin nan katafila ta cinye layin kaburburan kudu. Har yau ana zuwa kotu, Yamusa kuma ba ya fashi.