Mai Miƙo Ƙarfe

Yayana ne ya haɗa mana ƙarfen motsa jiki da hannunsa, shekarar da ya bar aikin soja ya dawo Zuru. Ya cika gwangwanayen fenti biyu da siminti, ya soka bututun ruwa a tsakaninsu. Bencinmu katako ne a kan bulo, a bayan ɗakin mahaifiyarmu. Ba mu da abin ɗora ƙarfen, don haka sai da mutum biyu. Ɗaya ya kwanta, ɗaya ya tsaya ta wajen kansa ya miƙo masa, in ya gaji ya karɓe.

Ni matsalata numfashi. Da na ji nauyi sai in riƙe shi, har idanuna su yi ja.

"Kai, ƙane, iskar ta gado ce kake ɓoyonta?" in ji shi. "Ja in yana saukowa, saki in kana turawa. Saki mana!"

Sai ya sunkuyo yana huci da ƙarfi a saman fuskata, ina bin nasa. Na ɗauka na koya.

Ya rasu a hatsarin babur a hanyar Dirin Daji. Lokacin wayar hannu ba ta daɗe da shigowa garin ba, a ta maƙwabci aka faɗa mana.

Bayan an watse zaman makoki na koma bencin, don ban san me zan yi da safiyata ba. Na jawo ƙarfen daga cinya zuwa ƙirji, na fara turawa. Can hannuwana suka ƙi. Ƙarfen ya zauna mini a ƙirji, kaina na juyawa. Ashe tun da na fara ban yi numfashi ba. Da ƙyar na karkatar da shi ya faɗi gefe.

Ƙarar ta fito da Inna. Ta dube ni, ta dubi simintin da ya gutsure.

"Ɗaya aka kai mini makwanci," ta ce. "Ya isa."

Ban so in bari, ban kuma so ta sake fitowa haka. Na je gonarmu a Manga na saro itace biyu masu baki biyu kamar gwafa, na kafa su a gefen bencin don ɗora ƙarfen. Na koyi jan iska da sakinta ni kaɗai, a hankali, kowace safiya.

Itacen ba sa karɓar ƙarfe sai na kai musu shi. Shi ya sa nake tsayawa tun da sauran ƙarfina.