Jar Ƙasa a Fuskar Fatsuma

Kakata Dije mace ce mai raini, ba zan ɓoye ba don ta rasu, Allah ya jiƙanta. In ta raina mutum ba ta zaginsa, tsaki ɗaya take ja ta juya masa ƙeya. Waɗanda suka fi shan tsakin nan su ne masu shafa abu a jiki don kawai sun gan shi a jikin wani. Haɗa man shafawa ne sana'arta tun ba a haife ni ba. Tana fasa ƙwallon aduwa ta fitar da mansa, tana sayen man kaɗe wurin fatake, mata na kawo mata jarirai masu ƙuraje da tsofaffi masu faso daga ƙauyukan da ke kewaye da Korgom. Amma ba ta taɓa miƙa wa mutum mai haka kawai ba. Sai ta kama hannunka, ta ɗiga kaɗan a cikin gwiwar hannu inda fata ta fi laushi, ta ce ka je ka kwana biyu ka dawo. In wurin ya yi ja ko ya yi ƙaiƙayi, ko birgima za ka yi ba za ta ba ka ba.

Mu biyu muka tashi a ɗakinta, ni da Fatsuma, ɗiyar ƙanen babana. Uwar Fatsuma Buzuwa ce, ta rasu tun tana goyonta, ta bar mata fata ja mai taushi wadda ko ƙaiƙayin gero ya taɓa sai ta yi rudu-rudu. Ni kuwa baƙa ce ƙirin, fuskata kullum cikin maiƙo. Kaka ta hana ni mai a fuska sam, sai dusar gero da ruwa, wai ni da kaina na isa a soya ƙosai. Fatsuma ce ke shan man aduwa safe da yamma. Ina jin haushin abin ƙwarai, don a lokacin gani nake so ne ake nuna mata.

Shekarar da ruwa ya ƙi, soja ne ke riƙe da ƙasa, mu kuma mun fara zama ƴan mata. Rumbuna suka ƙare tun kafin bazara. Maza suka yi kudu neman abin kai wa baka, aka bar mata da tsofaffi. Sai aka fara kawo jar dawa a kamiyo, manyan motocin kaya, ana rabo a Korgom. Kaka ƙafa ta ƙi, don haka mu ke zuwa da kartin gida, takardar karɓar rabo. Layi ne a fili fetal, ko inuwar ƙaya babu, soja biyu na kai da komo, wanda ya fita layi ya koma ƙarshe. Daga hantsi har la'asar ake tsaye. Zuwanmu na farko Fatsuma ta dawo fuska jawur, bayan kwana biyu ta fara saɓa, leɓenta ya tsattsage. Ni ko gezau, sai dai ƙishirwa.

Kaka ta dubi fuskar nan, ta aika wurin matan Bugaje da suka sauka bayan gari bayan dabbobinsu sun mutu, aka karɓo mata jar ƙasar da suke shafawa. Ta niƙa ta a dutse har ta fi gari laushi, ta kwaɓa da man aduwa. Duk da a hannunta yarinyar ta girma, sai da ta gwada mata a gwiwar hannu kwana biyu, sannan ta lafta mata a goshi da kunci da hanci, ta ɗora mata malafa. Abin ya yi aiki, wallahi ya yi. Zuwa uku muka yi fuskar na nan lafiya lau. Sai dai layi ya samu abin dariya. Ƴan mata suka laƙaba mata suna Tukunya, da ta ɓullo sai a ce ga tukunya ta zo karɓar dawa da kanta. Ni ma na yi dariyar, har da riƙe ciki, don kada a ce tare muke.

Akwai wata mace da kowa ke ce wa Madam, matar mai awon dawar. Kullum tana zaune bisa kujera a rumfar magaza inda ake ajiye dawar, fuska sumul, ƙamshi na tashi. Ran nan ta yafito Fatsuma, ta tambaye ta wane maƙiyi ne ya yi wa kyakkyawa irinta wannan aika-aika. Ta ce ita wani man gwangwani take shafawa da ake kawo mata daga Najeriya, tana matsa lemun tsami a ciki, kowace safiya. Ta ɗebo mata a murfin kwalba, ta haɗa mata da lemu biyu, kyauta. Matan da ke kusa suka ce kai, Madam ta san duniya. Ni ma na gyaɗa kai kamar na san wani abu. Fatsuma ta ƙulle kayan a bakin zane, ta sa ni rantsuwa ba zan faɗa ba. Mun manta Kaka da hanci take cin abinci.

Sai bayan magariba ta taso da zancen. Itace ya yi wuya a shekarar, da kara da busasshen kashin shanu muke hura wuta, jar dawar nan kuma ba ta nuna da wuri. Shi ya sa Kaka ke yi mana tatsuniya a bakin murhu, don ta riƙe mana ciki kafin a sauke. Tana zaune bisa tabarma ta miƙe ƙafar da ke ciwo, hayaƙi na sa ta ƙifta ido, tana tura kara ɗaya ɗaya don kada a yi asara. Har yau in na ji warin hayaƙin kara sai in ji muryarta, ƴar siririya mai kaifi. Na so lokutan nan fiye da komai a shekarar, da yunwar da komai.

"Ga wata nan tafe," in ji ta. "Mai kunne shi matso, mai ƙamshi ma shi matso."

Ta ce a da can, duk dajin nan babu mai laushin fata kamar Kwaɗo. Sumul yake, ko ƙurji ɗaya babu, sai dai fatar tasa ƴar shara-shara ce, dole kullum ya shafa laka kafin ya fita. Wata shekara tabkuna suka ƙafe, namun daji duka suka koma shan ruwa a rijiya ɗaya, kowa na ganin kowa. Nan Kwaɗo ya ga Damo kwance bisa dutse yana sheƙi, ana ta yaba shi, shi kuwa ana yi masa dariyar laka. Ya matsa ya tambayi Damo me yake shafawa. Damo ko ɗago kai bai yi ya dube shi ba, ya ce toka da kanwa, ka goga sosai, ka kwanta bisa dutse har azahar. Kwaɗo ya juya ya tambayi Ƙadangare, abokinsa na tun yarinta, ko haka ne. Ƙadangare bai san komai ba, amma ya ga jama'a na kallo, sai ya gyaɗa kai. Kwaɗo ya wanke lakarsa, ya goga toka da kanwa, ya hau dutse. Kafin azahar bayansa ya yi bororo daga wuya har gindi. Da ya je wa Damo da kuka, Damo ya ce to ni ga ni nan, me ya same ni? Tun daga ranar Kwaɗo ke yawo da ƙuraje, ba ya fita sai rana ta faɗi. Ƙadangare kuwa har yau yana bisa katanga yana gyaɗa kai, ba a tambaye shi ba ma.

Ta ce ta ƙare, wanda bai ji ba ya tambayi bayansa. Muka yi dariya, dariyar marasa gaskiya. Sai ta tura kara cikin wuta, ba ta dubi kowa ba, ta ce:

"Madam ɗin taku, ita da rana sun taɓa gaisawa? Ku kawo abin nan, Fatsuma, in ɗiga miki a hannu, ki fita da shi rana kwana biyu. In bai yi komai ba, ni da kaina zan shafa miki."

Amma an faɗa mana washegari ma akwai rabo, Fatsuma kuma ta gaji da zama Tukunya. Ta ce babu wani abu. Kaka ta juyo gare ni, ni ma na ce babu.

Da safe Kaka ta lafta mata jar ƙasa kamar kullum. Muna kaiwa rijiyar bayan gari Fatsuma ta wanke ta tas, ta cusa malafa cikin buhu. Ba ta da madubi, don haka ni na matsa lemun a murfin kwalbar, ni na cakuɗa, ni na shafa mata. Ta yi kyau, ba ƙarya, fuska na ɗaukar ido. A layi babu wanda ya ce Tukunya. Kafin azahar ta fara ce mini fuskarta na zafi. Na ce aiki ne man yake yi. Da rana ta take, hawaye kawai take yi, amma ta ƙi fita layi, don in ta fita gidanmu ba a ɗora tukunya. Sai da aka auna mana da la'asar sannan na dube ta sosai, na ga fuskar ta yi jawur. Washegari kuncinta da goshinta suka tashi suka ɗuri ruwa. Ni da na cuɗa abin da hannuna, ko ƙaiƙayi ban ji ba.

Kaka ba ta yi faɗa ba. Ta sa ta a ɗaki, tana jiƙa tsumma da ruwan randa tana ɗora mata, ta hana a sa ko ɗigon mai har sai da ciwon ya rufe. Da ta tambayi wa ya shafa mata, Fatsuma ta ce ita da kanta. Kaka ta dube ni ta ja tsaki, karo na farko da na ƙarshe da ta ja mini shi. Ciwo ya warke, ya bar baƙin tabo. Ni kaɗai na koma layi bayan nan, da Madam ta ji labari sai ta taɓe baki ta ce jinin yarinyar ne ba shi da kyau, ita ga ta nan shekara nawa tana shafawa. Matan rumfar suka ce gaskiya ne. Tir da su, tir da ni da na tsaya ina saurare ban tofa ba.

Yanzu ɗinki nake yi a Tasawa, shagona na kallon teburan masu sayar da man shafawa a bakin kasuwa. Yini nake ina kallon ikon Allah. Ƙato da tafin hannu kamar kirgi ya ɗaga kwalba ɗaya yana rantsuwa ta dace da kowa, baƙa da ja, amarya da mai jego. Ba ya tambayar mace ko fuskarta mai maiƙo ce ko busasshiya, ko a inuwa take yini ko a gona. Rubutun jikin kwalbar ma bai iya karantawa ba. Su kuma suna turereniya, don wata ta ce wata ta shafa ta yi kyau. Da ina yarinya na ɗauka wautar Kwaɗo Kaka ke nuna mana. Sai da na girma na gane Kwaɗo kaɗai ne ba ta raina ba a labarin, don shi dai dariya ce ta ishe shi. Tsakinta na mai ba da shawara ne ba tare da ya dubi wanda ke tambaya ba, da kuma abokin da ya gyaɗa kai.

Tabon Fatsuma ya dusashe amma bai tafi ba. Ta yi aure, ta haifi ɗiya, Nana, mai fata irin tata sak, kuma ko a tsakar gida ba ka ganin Fatsuma sai da mayafi ya rufe kuncin hagu. Bara na raka su wurin likitar fata a Maradi. Likitar ta ce tabon ya daɗe, sai dai a hana rana ƙara masa baƙi. Ta daɗe tana duba Nana, tana tambayar me take shafawa, ƙarfe nawa take tashi daga lakwal, wato makaranta, sannan ta rubuta mata man kariyar rana marar turare, mai kauri, irin wanda ke barin fari-fari a fuska. Ni ma ta ce kada in ruɗi kaina da baƙin nan, rana na ci na a hankali, akwai mai ruwa-ruwa da ba zai ƙara mini maiƙo ba. Ta ce kowa ya fara gwadawa a hannu. Ni da Fatsuma muka dubi juna.

Sati biyu Nana ta yi tana shafawa. Rannan ina gidansu ta dawo daga lakwal ta jefar da jaka, ta ce ta daina, ana ce mata Fatalwa, kuma ƙawarta ta ba ta wani da ba ya nunawa, mai ƙamshi. Na gyara zama na fara ba ta labarin Kwaɗo. Ban kai ga Damo ba ta ce Goggo, don Allah, ita ba yarinya ba ce.

Fatsuma ta tashi daga bakin turmi, ta zo tsakiyar rana ta yaye mayafinta. Ta kama hannuna na dama, ta ɗora yatsuna uku a kuncinta. Duk shekarun nan ban taɓa yarda na dubi tabon da kyau ba. Layi uku ne, daga gefen ido zuwa haɓa, kowane yatsa ya zauna a nasa.

"Dubi nan, Nana," in ji ta. "Wanga hannun mai so na ne, tare muka sha fura a ƙwarya ɗaya. Ita ma ba ta yi don mugunta ba."

 Fatsuma ta saki hannun, ni ce na kasa janye shi.