Shirun da Mai Taswira Ya Saya

Mai Taswira mutum ne da bai yarda da kalmar "kusan" ba. Shekara ashirin da biyu ya yi a ofishin masu zanen gine-gine yana jan layi, kuma ba a taɓa jin ya ce bango ya kai kusan mita uku ba. Ko ya kai, ko bai kai ba. Da aka rufe ofishin sai ya kwaso rularsa ta ƙarfe da kofin shayinsa ya dawo gida. Ya fitar da tarkacen ɗakin ajiya da ke tsakanin kicin da banɗaki, ya sa tebur, ya ɗora kwamfuta, ya ci gaba da zana wa mutane gidajen da suka fi nasa girma.

Kwamfutar nan 'ya'yansa suka raɗa wa suna Jirgi. Fankar da ke sanyaya furosesa, wato ƙwaƙwalwarta, 'yar mitsitsiya ce da ta zo da ita tun daga kamfani, kuma irin ƙananan ma'aikatan nan ce da ba sa iya aiki sai kowa ya ji. Da ya buɗe babban zane sai ta fara gurnani, ta hau ruri, ta kai inda ake tsammanin tebur zai ɗaga sama. Shekara shida tana shirin tashi, ba ta tashi ba.

A shekara shidan nan babu wanda ya taɓa ƙwanƙwasa masa ƙofa tsakanin takwas na safe da biyun rana. Ya ɗauki hakan a matsayin girmamawar da ta dace da mai ilimi. Har ya taɓa tsayar da wani maƙwabci a bakin ƙofa ya ba shi shawara kan yadda ake riƙe iyali.

Abin da ya ɓata tsakaninsa da Jirgi waya ce. Wani likita ya ba shi aikin zanen ƙaramin asibiti, a kan ya gama cikin sati biyu. Suna cikin magana, likitan ya roƙe shi cikin ladabi da ya ɗan fito daga wurin injin niƙan, don ba ya jin sa. Ranar shayin Mai Taswira ya huce bai sha ba.

Kwana biyu ya yi yana bincike kan abin da zai maye gurbin fankar, ya ja jadawali mai layi bakwai: tsawo, faɗi, girman fanka, ƙarfin ƙara da sauransu. Sannan ya rungumi Jirgi ya kai ta shagon mai gyara, wani mutum mai furfura a gemu da ke aiki a ƙarƙashin matattakalar bene, cikin gawarwakin kwamfutoci.

Mai gyara ya jera masa kayan sanyaya furosesa iri uku. Na farko mai ruwa ne, da bututu biyu da radiyeta irin ta mota. Mai Taswira ya tambaya ina ruwan yake zuwa idan ya yi yoyo, aka ce masa da wuya ya yi. Ya ture shi gefe, domin a wurinsa "da wuya" ƙanin "kusan" ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Na biyu yana da fitilu masu canza launi. Ya ce shi ofis gare shi, ba gidan rawa ba. Na uku ƙaton ƙarfe ne kamar bene mai hawa hamsin, da bututun tagulla shida da faffaɗar fanka. Mai gyara ya yi masa bayani cewa babbar fanka a hankali take juyawa ta tura iska mai yawa, ƙarama kuwa sai ta kashe kanta da gudu da ihu. Mai Taswira ya ce haka abin yake a ofis ma.

"Zai shiga akwatin kwamfutar, Kawu," in ji mai gyara, bayan ya kanne ido ɗaya ya duba.

"Da ido ka auna?"

Ya zaro rula. Tsawon ƙarfen milimita ɗari da hamsin da takwas, zurfin akwati ɗari da sittin. Ya auna sau biyu, ya kuma duba ko fankar za ta danne katin ma'adana da ke gefenta. Da aka zo shafa man nan mai launin toka da ake sawa tsakanin furosesa da ƙarfen, aka ce ɗigo ɗaya kamar ƙwayar wake ya isa, sai ya nemi a faɗa masa wane irin wake. Shi ne kuma ya tuna wa mai gyara ya ɓare ledar da ke ƙasan ƙarfen, abin da mutumin ya riga ya yi minti biyar da suka wuce. Aka kunna. Sai da ya kara kunnensa a jikin akwatin kafin ya yarda tana aiki.

Washegari da tara da minti goma aka ƙwanƙwasa ƙofa. Matarsa ce. Ta ce tunda yau ba ya aiki, tukunyar gas ta ƙare. Ya nuna mata allo, ga asibiti nan ya kai taga. Ta dubi allon, ta dube shi zaune shiru da hannu ɗaya a kan tebur, ta ce to, idan ya gama hutawar.

Rana ta biyu 'yarsa ta shigo da takardar neman makaranta mai shafi tara. Rana ta uku Yaya ta zo, babbar yayarsa, wadda har yau take kiran sa Auta duk da sanƙonsa. Shekara shida tana zuwa ta zauna a falo, ta saurari rurin, ta ce a gaida shi, ta tafi. Yau ta shigo har ciki, ta zauna a kan kwalin takardunsa, ta ba shi tarihin gwiwarta ta hagu tun daga farko. Da za ta tafi ta ce ta dama sai wani zuwan.

Shirun kuma ya ci ta ɗaya ɓangaren. Yanzu yana jin komai. Ya gano famfon kicin yana ɗiga duk bayan daƙiƙa huɗu, ya fito ya sanar. Ya ji matarsa tana ba ƙanwarta labari a waya, ya leƙo ya gyara mata ranar da abin ya faru. Ya lura kantar kwanuka ta karkace da milimita uku, ya kwashe kwanukan duka ana tsakiyar girki.

A rana ta tara asibitin ba shi da rufi, kuma ƙofar ɗakin magani tana buɗewa cikin banɗaki. Likita ya kira. Ya yaba yadda yake jin muryarsa tas yanzu, sannan ya ce idan zanen bai iso ranar Juma'a ba zai ba wani.

Mai Taswira ya sami matarsa a kicin ya tambaye ta, da muryar wanda aka zalunta, ina girmamawar da ake yi masa a gidan nan ta tafi.

"Wace girmamawa, Malam? Doka ce na kafa tun ranar farko: idan Jirgi na kuka, kada kowa ya kusanci ƙofar. Ita muke saurare. Kai ai ba a jin ka."

Ya ce wato shekara shida fanka ake girmamawa. Ta ce fankar ba ta taɓa fitowa ta gyara mata labari ba.

Ya koma ɗaki ya zauna. Sabuwar fankar tana juyawa a hankali, furosesa ya yi sanyi kamar bai taɓa sanin wahala ba. Duk abin da ke jadawalinsa ya cika. Layi na takwas ne bai ja ba.

Washegari da safe ya tarar da shayinsa a kan tebur, a gefensa kuma tsohuwar fankar, wadda ya jefa a kwandon shara da hannunsa. An goge mata ƙura. Bai tambayi kowa ba. Ya sa ta a aljihu ya nufi ƙarƙashin matattakala, ya ce a haɗa mata waya da makunni, ta riƙa aiki ita kaɗai. Mai gyara ya tambaya me za ta sanyaya.

"Ba ruwanka. Ka dai sa ta a kan gudunta na ƙarshe."

Ya ɗaure ta a cikin tsohon gwangwanin biskit, don ƙarar ta ƙara kauri, ya ajiye shi santimita talatin daga ƙofa. Ranar Alhamis da azahar asibiti ya samu rufi, ɗakin magani ya rabu da banɗaki, zane ya tafi.

Har yau haka yake aiki. Da takwas yana kunna kwamfutar da ba a jin ta, sannan ya kunna gwangwanin da ba ya komai. Yaya takan zo ta zauna a falo, ta saurara, ta girgiza kai ta ce aikin nan zai kashe Auta. Matarsa takan ce wallahi kuwa, ta ɗauki wayarta.