Kaskon Inna a Motar Maigida

Ni ɗan fari ne, saboda haka Inna ba ta kiran sunana. A wajenmu haka uwa take yi da ɗanta na fari, ba ta faɗin sunansa, ba ta kallonsa ido cikin ido, in maganarsa ta taso sai ta yi ta da bango ko da ƙaninsa. "A ce wa wancan tuwo na hucewa." Ni ne wancan. A haka na girma, a haka na yi gemu, har na tafi Doha aikin wayarin ɗin motoci a wani gareji da ke Sanaiya, unguwar masu gyare-gyare. Ni ma ina da tawa kunyar. Ban taɓa ce mata a'a ba, balle in buɗi baki in ce ta yi kuskure.

Kafil ɗina, wato Balaraben da nake aiki a ƙarƙashinsa, yana da wata mota da ni dai ban san abin da zan kira ta ba sai tafi-da-gidanka. Tsawonta ya kai na luksuriya. Ranar da na fara shiga cikinta sai da na tuɓe takalmi ba tare da an ce in tuɓe ba. Falo ne da kujerun fata, da ɗakin girki, da banɗaki mai ruwan zafi, can ƙurya ga ɗakin kwana da gadon da ya fi na amaren garinmu. In ka danna wani maɓalli sai bangon falon ya ja da baya, ɗakin ya ƙara faɗi kana kallo. Na fi sau ɗari ina danna maɓallin nan, amma har na bar aikin bai daina sa ni cewa ikon Allah ba.

Da korona ta zo aka rufe gari, motar ta zauna a gareji, ni aka ɗora wa kula da ita. Duk mako nakan tayar da janaretonta, in duba batir, in share ƙura, sannan in zauna a kujerar direba da takunkumi a fuska ina tunanin gida. Shekara uku ban ga Inna ba. In na kira waya ƙanwata ce ke ɗauka, ina jiyo muryar Inna daga gefe tana cewa a tambayi wancan ko yana cin abinci.

Maigida mutum ne mai sauƙin kai, amma a kan motar nan yana da dokokin da ba ya wasa da su. Kafin ta motsa sai an rufe tukunyar gas, an mayar da bangon falo, an kulle kowace durowa don kada kwanuka su yi tsalle a hanya. Babbar dokarsa kuwa tana kan wasu 'yan na'urori biyu, ɗaya a rufi mai jin hayaƙi, ɗaya kusa da ƙasa mai jin iskar gawayi, wadda ba ta da wari ba ta da launi. Kowacce da 'yar koriyar fitilarta. Yakan nuna su da yatsa ya ce da ni cikin Larabcinsa da na fara tsinta, "In babu kore, babu barci. Halas," wato shi ke nan. Ba a banza yake faɗa ba, don duk lokacin sanyi sai an ji labarin waɗanda suka shiga tanti da garwashi a sahara ba su tashi ba. Na san wannan sarai, ni ne ma nake gwada na'urorin.

Da gasar cin kofin duniya ta matso aka buɗe ƙofa ga baƙi, sai na sayi tikitin wasa da sunan Inna don ta samu shigowa. Matar da ko ƙwallon yara ta faɗo tsakar gidanta sai ta ɓoye ta, ita ce ta zo Doha a matsayin 'yar kallo. Na tarye ta a filin jirgi hawaye na zuba, ita kuwa ta dubi akwatinta ta ce, "An rame." Garin a lokacin ba a magana. Na kai ta bakin ruwa ta ga dogayen benaye sanye da hotunan 'yan wasa, muka shiga jirgin ƙasan da ba shi da direba, ta riƙe ƙarfe gam tana salati. A Al Rayyan ta ga mutane kala-kala sun shafa fenti a fuska suna rawa, ta ce ashe dai duniya da yawa take.

Da maigida ya ji uwata ta zo, ya kira ni gidansa a Ain Khaled ya miƙo mini makullin motar. Ya ce in kai ta ta ga inda sahara ta haɗu da teku, kwana biyu. Na tsaya ina ta godiya har ya gaji ya ce, "Yalla, yalla," wato in tafi kawai.

Inna ta shiga motar da ƙafar dama. Ta shafa kujera, ta leƙa banɗaki, na danna maɓalli bango ya tafi, ta dafe ƙirji ta ce, "La'ilaha illallahu, ɗaki na tafiya!" Ban taɓa ganin ta yi dariya irin ta ranar ba. Muka kama hanyar kudu da hantsi, tana zaune da ɗamarar kujera a ƙirji, shayi a gabanta ko digo bai zube ba. Muka yada zango a ƙasa mai tauri, kusa da wasu iyalai masu tantuna. Tsaunukan yashi sun gangaro har cikin ruwa, ruwan kuma shuɗi shar kamar an zuba masa bula. Ta daɗe a tsaye tana kallo, bakinta na motsi.

Abu ɗaya ne bai yi mata ba. Ta ce ɗakin da kyau, amma warin asibiti yake yi. Ta buɗe jakarta ta ciro kaskon turarenta na ƙasa, wanda ta naɗo a zani tun daga gida, da kwalbar turaren wutar da take haɗawa da kanta. Na riga na hura gawayi a waje zan gasa nama. Ta ɗebo garwashi biyu, ta barbaɗa turare, ƙamshin ɗakinta na yarintata ya cika motar Balarabe. Sai na'urar rufi ta tsala ihu.

Inna ta zabura, ta rasa inda za ta ajiye kaskon. Fuskarta ta canza, ta ce a hankali, "Na ɓata wa mutane abu ko?" Wallahi ganin kunya a fuskar tsohuwar nan ya fi mini ciwo da komai. Abin da ya kamata in ce kaɗan ne: Inna, ba a shiga da wuta nan. Bakina ya ƙi. Sai na ji kaina ina cewa, "Ba komai, Inna, dama ta lalace." Na cire batirin ta rufi, na buɗe akwatin wuta na zare fis ɗin ta ƙasa don kada ita ma ta ba ta kunya, na jefa su a aljihu. Na ce a raina in turaren ya ƙare zan mayar.

Bayan azahar iska ta taso da sanyi da yashi, na rufe tagogi da ƙofa ruf. Na fita na ɗaure rumfa don kada iska ta yage ta, ashe a bayana Inna ta cika kaskon da sauran garwashin gasa nama ta shigo da shi, ta ajiye kusa da gado tana jin ɗumi. Da na dawo na gani, na kuma yi shiru. Na ce a raina bari ta ɗan kishingiɗa, sai in fitar da shi ba tare da ta sani ba. Na zauna a kujerar direba ina jira, ƙoshi da gajiyar tuƙi suka danne ni.

Ban san tsawon lokacin ba. Abin da na sani, kaina ya yi nauyi kamar an ɗora mini buhun siminti, kuma barcin yana da wani daɗi da ba na son a taɓa ni. Can nesa na ji murya. Da "kai" aka ce, ko "wancan", na rantse da na ci gaba da barcina. Sunana aka kira. Sunana na yanka, cikakke, da muryar Inna, sau biyu. Shekara talatin da bakwai ban taɓa jin sa daga bakin nan ba, shi ya sa zuciyata ta buga tun kafin kaina ya gane abin da ke faruwa.

Na yunƙura zan miƙe, na faɗi. Da rarrafe na kai ƙofa na banka ta, iska ta bugi fuskata. Na ja numfashi uku na koma ciki. Inna na zaune a ƙasa jingine da gado, ta yi amai, idonta a lumshe. Na rungumo ta, uwar da rabona da taɓa jikinta tun ina goye, na ja ta har kan yashi ina ihu. Mutanen tantin kusa suka sheƙo, wani ya shiga ya fito da kaskon, wani ya kira motar asibiti. Rana ba ta faɗi ba aka sa mana robar iska a hanci, ni da ita, gado kusa da gado.

Wata nas 'yar Jos ce ta kula da mu. Da ta ji aikina sai ta riƙe ƙugu ta ce, "Haba ɗan'uwa, kai da kake mai wayarin? Ina ƙararrawar motar take?" Na sa hannu a aljihu na fito da batir da fis, na buɗe tafina. Ta girgiza kai ta wuce.

Inna ta ga abin da ke hannuna. Ta juya fuska wajen bango kamar yadda ta saba. Sannan ta ce, "Ashe abin nan da ya yi ihu gaskiya ya faɗa."

Na ce, "Gaskiya ya faɗa, Inna."

"To a gaya wa wancan, in ya san abu ya riƙa faɗa mini. Ban haife shi don in binne shi ba."

Na juya nawa kan na yi kuka yadda ba za ta gani ba, ko da yake na san tana ji.

Washegari na mayar da fis da batir da hannuna, na tsaya sai da fitilun biyu suka yi kore, sannan na kai motar Ain Khaled na faɗa wa maigida komai. Ya yi faɗa sosai, kuma na cancanta. Da ya huce ya tambayi jikin Inna, ya aika mata da dabino.

Ba ta sake kiran sunana ba, har ta koma ga Allah bara waccan. Kaskon yana wurina, a nan ta bar shi. Ranar da na raka ta filin jirgi, ta kai bakin layin da ba a wucewa da mai rakiya, sai ta tsaya tana gyara mayafi. Babu ƙanwata, babu kowa namu da za ta aika, sai ni kaɗai a gabanta. Ta dubi akwatinta ta ce, "A kula da kai." Na ce to, Inna.