Tukunyar da Na Sa Aka Yi wa Fenti

Da aka sa ranar auren ƙanwata, ni na ɗauki kayan kicin. Mahaifiyarmu ta daɗe da rasuwa, ni ce babba, kuma ni ce a Birnin Kudu inda kaya suka fi samuwa. Mijin da ta zaɓa manomi ne a Maruta ta ƙasar Gwaram, ɗan babban gida. A gidansu idan an kai amarya, matan dangin ango sukan shigo ganin ɗaki washegari, kuma ba kallo kaɗai suke yi ba. Su buɗe kwano, su ɗaga katifa, su kifa tukunya su duba gindinta. Abin da ake gudu shi ne a ce an ga tsohon kaya a ɗakin amarya. Wannan maganar sai ta bi mace har ta yi jika.

Na je wani shago sayen tukunyar gas, amma ƙarfina bai kai na sabuwa ba. Mai shagon ya ga ina ta juye-juye, sai ya zagaya da ni baya, ya nuna mini wasu a jikin bango, duk sun koɗe.

"Hajiya, waɗannan 'yan waje ne, ta jirgin ruwa suka shigo. Ƙwanƙwasa ki ji. Ƙarfen da ne, ba gwangwanin yanzu ba."

Na ƙwanƙwasa ɗaya. Gindinta ya yi tsatsa, a wuyanta kuma akwai lambobi da aka buga a jikin ƙarfen, da rubutun wani yare da ban sani ba. Na yi sakandare, na karanta lambobin, na ga kamar shekara ce, shekarar da ta girmi amaryar kanta. Wallahi haɗari bai zo mini a rai ba. Surukarta ce ta zo mini a rai.

Na kai ta wurin mai gyaran jikin mota a bayan layinmu. Da bakina na ce ya goge lambobin. Ya kankare tsatsar, ya cike ramukan da irin ƙullin da suke liƙe mota da shi, ya fesa mata fenti ruwan hoda don ta dace da kuloli da labule.

"Hajiya, ko wanda ya ƙera ta ba zai gane ta ba," in ji shi.

Na ɗinka mata riga da bakin leshi. Ranar ganin ɗaki surukar ta ɗaga rigar, ta shafa, ta ce, "Masha Allah, sabuwa dal." Da na dawo gida har nafila na yi ta godiya.

Damina guda tukunyar ta yi a ƙasa, a wani ɗan kicin mai danshi wanda ba shi da taga. Da kaka, ranar da ake girbin gonar gidan, ƙanwata ta shiga da safe za ta ɗora wa masu aiki abinci. Mura take yi, ba ta ji wari ba. Ta ƙyasta ashana. Wutar ta ci kicin ɗin, ta bi dangar kara, ta kama rumbun da aka fara zuba sabon gero. Ƙanwata kuma, wutar ta ci fuskarta ta ɓarin dama da hannuwanta biyu.

Asibiti aka kawo ta nan Birnin Kudu, ni na yi jinya. Surukar ta zo a kwana na huɗu, ba ta zauna ba. Ta tsaya a ƙafar gado tana kallon ƙyallen da aka naɗe yarinyar da shi.

"Sannu. To ke dai kin ga abin da danna waya yake jawowa. A bar gas a buɗe a kwanta! Gero ya tafi, ga yara a gida. Ke ai ana ba ki magani, mu wa zai ba mu geronmu?"

"Inna, na rufe," ƙanwata ta faɗa, da ƙyar leɓenta yake motsi.

"Da kin rufe da aljani ne ya buɗe?"

Mijin yakan zo ranar Juma'a, ya zauna a bakin ƙofa, ya kasa ɗaga ido. Amma ya ce mata idan an sake gina kicin zai zo ya ɗauke ta. Da wannan maganar take shan magani, da ita take jure wankin ciwo. Sai dai kullum aka ce ta bar gas a buɗe, har ta fara yarda. Na sha jin ta tana istigfari, tana cewa wataƙila ta manta, wataƙila ita ta jawo wa bayin Allah yunwa.

Maigidana ya je Maruta jaje. Da ya dawo ya kira ni ɗaki, ya ce ya ga tukunyar an jefar bayan gida. Makunnin yana rufe. Fentin ya ƙone, ƙullin ya zube, gindin duk huji.

"Wace irin tukunya kika saya wa yarinyar nan?"

Na faɗa masa komai.

A makon ne wata mai jinya a gadon kusa ta kunna rediyo, ana hira da wani masani. Ya ce tukunyar gas tana da iyakar shekaru, kuma lambobin wuyanta su ne suke faɗa. Ya ce akwai waɗanda ƙasashensu suka daina amfani da su, a kwaso a kawo mana, shi ya sa ake maganar dokar da za ta tilasta a duba kowace tukunya tun a bakin ruwa kafin ta shigo kasuwa. Na fita na zauna a baranda. Daga can na wuce shagon da na sayi tukunyar.

"Hajiya, ni na ƙera ta?" in ji mai shagon. "Daga bakin ruwa har nan babu wanda ya ce mini kada in sayar. In doka ta zo mu bi. Kuma ni da lambarta na ba ki."

Gaskiya ya faɗa. Har yanzu sauran suna jikin bango.

Na yi shawara da zuciyata: idan na faɗi gaskiya a Maruta, za a wanke ƙanwata, ta koma ɗakinta. Maigidana ya ce hakan ne daidai a wurin Allah. Na hau mota na tafi. Na tarar da surukar a tsakar gida da matan gidan suna ɓarar gyaɗa, mijin yana gefe. Na durƙusa na faɗa tun daga bayan shago har rigar leshi. Na ce yarinyar ba ta san komai ba, ni za a kama.

Surukar ta ajiye tiren hannunta a hankali.

"Au! Ashe tsohuwa ce? Ni kuka sa na shafa na ce sabuwa dal, a gaban mutane? Kuna dariya a ciki?"

"Inna, ba dariya ba ce, abin kunya na guje wa."

"Ku ji fa! Sakaci ai ana yafewa, kowa yana mantuwa. Wannan ha'inci ne. Gidan da suka yi wa tukunya fenti, wa ya san me kuma suka yi wa fenti suka kawo mana?"

Wata daga cikin matan ta tuntsire da dariya. Na dubi mijin. Ƙasa yake kallo, yana murza ɓawon gyaɗa da yatsa.

Bayan kwana uku wansa ya kawo takarda asibiti, a ninke, ya miƙa mini a bakin ƙofa. Ƙanwata ba ta iya riƙe takarda, ni na buɗe na karanta mata. Saki ɗaya. Ta tambaye ni me ya faru, ba ya ce sai an gina kicin ba? Sai na faɗa mata abin da na faɗa musu.

Ba ta yi kuka ba. Ta dubi hannuwanta.

"Kina ji ina roƙon Allah gafarar abin da ban yi ba, Yaya, kina gyara mini filo."

"Ki yafe mini."

"Su kika fara faɗa wa, ba ni ba. Da kin tambaye ni, da na ce ki yi shiru. Na yarda a ce mini mai sakaci har in mutu, ina ɗakina."

Da aka sallame ta na share mata ɗaki a gidana, na shimfiɗa sabon zanen gado. Ta ce a kai ta Fagam wurin gwaggonmu. Gwaggon ta tsufa, idonta ya yi rauni, ita take ba ta abinci a baki, rabi yana zuba a zane. Nakan je duk bayan mako biyu da man shafawa da 'yar miya. Ƙanwata takan amsa sallamata, ta tambayi yara, ta ce ta yafe. Amma idan na ɗauki cokali sai ta ce ta ƙoshi, ta jira Gwaggo ta idar da salla.