Ranar da Muka Kai Waina Flatbush a Jirgin Ƙasa

Shekarun baya, da ka tambaye ni mece ce inshorar mota, da na ce maka takarda ce da ake ninkewa a cusa a aljihun gaban mota, don ranar da masu tsaron hanya suka ɗaga hannu. Haka na san ta a Kano, haka na tarar da ita a Kwatano da Abijan, sai dai can da Faransanci suke kiranta. Yanzu kuwa idan aka ambace ta, ba takarda nake gani ba, fuskar mutumin da ke riƙe da sitiyari nake gani. Ku da kuke yawan tambayata yadda muka fara sana'ar abinci a Bronx ta birnin New York, ga labarin wata Asabar da har yau nake dariya idan na tuna.

Lokacin ƙafafuna sun gaji da tsayuwa a teburin turare da huluna a Harlem. Uwargidana kuwa wainarta da miyar taushe sun riga sun yi suna, duk mai taron suna ko walima sai ya roƙe ta. Wata rana ta ce, "Malam, kyautar ta isa haka. Ko dai ta zama sana'a, ko in huta." Muka kama hayar wani ƙaramin kicin mai lasisi kusa da Parkchester, muka sayi tsohuwar motar ɗaukar kaya, muka ɗauki direba, wani magidanci ɗan Maraɗi mai natsuwa. Ni ba na tuƙi a nan. Na tuƙa babbar mota a hanyar Agadas, na ratsa cunkoson Legas da na Alƙahira, amma jarrabawar lasisin New York ta yi ta kayar da ni wajen ajiye mota tsakanin motoci biyu a gefen titi, har na ce a bar wa matasa.

Wadda ta yi mana inshorar 'yar Senegal ce, da Faransanci muka yi magana. Ta ce motar da ke kai kayan sayarwa inshorarta daban take da motar zuwa masallaci. Sannan ta tambaye ni wa zai riƙa tuƙa ta. Na ce direbana.

"Shi kaɗai?"

"To, in wani uzuri ya taso masa, wani ya karɓe shi."

Ta cire tabarau ta dube ni. "Alhaji, wani wa?"

Ta ce a irin tsarin da na saya, wanda zai tuƙa motar sai an san sunansa. Idan wanda ba a sani ba ya yi hatsari da ita, kamfani na iya cewa ba ruwansa. Wanda aka buge ni zai nema, don ni ne mai sana'a. Direban ma in ya ji rauni a bakin aikina, nauyinsa a wuyana yake. Na ce to shi kaɗai ɗin ne, na fito ina cewa a raina mutanen nan akwai son tsawaita magana.

Ba a daɗe ba babban aiki na farko ya faɗo mana. Wata hajiya a unguwar Flatbush, can Brooklyn, za ta yi walimar auren ɗanta, ta ce waina take so da miyar taushe da dambun nama, na dukan taron, ranar Asabar bayan azahar. Duk wanda ya san mutanenmu ya san abin da wannan ke nufi. In abinci ya iso da zafinsa, kafin la'asar sunanka ya zagaye Brooklyn. In ya makara ma zai zagaye, sai dai ba yadda kake so ba.

Ran Asabar da hantsi komai ya kammala. Uwargida da mata biyu da ke taya ta sun cika kuloli, ni ina ta kai-komo da sabuwar hula kamar ni ne ango. Sai wayata ta yi ƙara. Direbana ne.

"Alhaji, iyalina naƙuda ta tashi, muna asibiti. Amma kada ka damu, na ba abokina makulli, ga shi nan tafe."

Na yi masa addu'a, har na ji daɗi. A gida ai wannan shi ne mutunci: direba ya samu uzuri, ya turo ɗan'uwansa. Can sai ga abokin, wani ƙaton ɗan Zangon Kumasi mai fara'a, yana juya makullin a ɗan yatsa.

"Baba, sannu da aiki! Ina kaya? Mu loda mu tafi."

Wallahi har na buɗe ƙofar bayan motar. Ina riƙe da murfin sai maganar 'yar Senegal ta faɗo mini, na tsaya. Na tambaye shi ko yana da iyali, ya ce mata da yara uku, suna nan Bronx. Na dubi hanyar da zai bi, gada da manyan motoci da masu keke da ke fitowa kamar daga ƙasa. Na mayar da ƙofar na rufe.

"Ɗana, ka yi haƙuri, ba za ka tuƙa motar nan ba. Sunanka ba ya cikin inshora."

Fara'ar ta ɗauke. "Baba, ni? Ni da na yi shekaru ina jan bas daga Kumasi zuwa Tamale? Ko akuya ban taɓa bugewa ba!"

"Ban ce ba ka iya ba. Ka fi ni iyawa nesa. Amma in wani ya buge ka, wa zai biya asibiti? Me zan ce wa matarka?"

"Allah zai kiyaye."

"Zai kiyaye. Ba ni makullin."

Ya miƙo mini yana kallon gefe. Na kira ofishin inshorar, a rufe, Asabar ce. Na kira 'yan'uwa masu tasi, wannan yana filin jirgi, wancan bai ɗauka ba. Ɗaya ya zo, ya leƙa kulolin miya ya ce, "Alhaji, in wannan ta zube mini a kujera, wata guda fasinjana na shaƙar daddawa." Ya ja motarsa. Ga abinci, ga mota, ga direba, ni kuma na tsaya a tsakiya ina gumi.

Sai uwargida ta kwance gyalenta ta ɗaura a ƙugu. Ta ce, "Malam, shi jirgin ƙasa ai da inshorarsa yake yawo. Ku ɗauko barguna."

Jama'a, ban taɓa ganin aiki da sauri irin na ranar ba! Muka naɗe kuloli da barguna, muka ɗaure da igiya, muka jera wasu a kekunan cefane. Ɗan Kumasi, da na zaci ya yi fushi ya tafi, sai ya sunkuya ya ɗora kular da ta fi kowacce girma a ka. Ya ce, "Baba, kaina ma sai an sa shi a inshora, ko in wuce?" Matan suka fashe da dariya, muka nufi tasha.

Tashar Parkchester a sama take. Na hau matakalar nan da kular dambu a ƙirji, ina karanto duk addu'ar da na sani. Muka mamaye kusurwa guda a cikin jirgi, kowa ya rungume kularsa kamar jariri. Duk birkin da jirgin ya taka sai uwargida ta ce, "Miyata!" Na shiga jirgin Kano zuwa Legas da kaji da buhunan albasa, na shiga na Alƙahira da masu kwandon burodi, amma ban taɓa zaton zan zama ni ne abin kallo a New York ba. Wata dattijuwa da ke gefena ta yi ta shaƙar iska, daga bisani ta tambaye ni da Turanci mene ne wannan mai ƙamshi haka. Uwargida ta zaro waina biyu ta ba ta a takarda, ɗan Kumasi ya ce, "Mama, a hankali, kada mu isa da kula wayam."

Muka canza jirgi a Harlem, muka sake canzawa a Brooklyn. Kafin tashar ƙarshe jirgin ya tsaya cak a cikin rami. Waya ba ta shiga, ba kuma bayani. Na ce a raina, shi ke nan, tsoho, ka kashe sana'ar matarka da taurin kai. Da ƙarfen ya motsa, sai da muka yi kabbara a tare har fasinjoji suka waiwayo.

Muna fitowa saƙonnin hajiya suka yi ta shigowa wayata. Muka bi titi a jere, ɗan Kumasi a gaba da kula a ka, yana ba motoci hannu kamar ɗan sanda. Muka tarar da ita a ƙofar zauren taron, ta riƙe ƙugu.

"Alhaji, ina motar?"

Na ce, "Hajiya, da wadda ta fi ta girma muka zo."

Ba ta yi dariya ba. Ta kwance bargon kula ɗaya da kanta, ta ɗaga murfi. Tururi ya bugi fuskarta. Ta gutsuri waina ta tauna, ta juya ta ƙwala wa 'yan matan gidan kira su kawo faranti. Muna cikin rabo direbana ya bugo, an sauka lafiya, mace aka samu. Ɗan Kumasi ya sanar da zauren gaba ɗaya, mutanen da ba su san mai jegon ba suka yi ta barka.

Na zauna a ƙasashe da dama, kuma ko'ina na ga mutanenmu da wannan kyakkyawar ɗabi'a ta miƙa wa ɗan'uwa makulli. Ban daina sonta ba. Abin da na gane shi ne, a nan in ka ɗora mutum a kujerar direba don sana'arka, alherin da za ka yi masa shi ne ka tabbatar akwai mai tsaya masa ran da abu ya faru.

Da aka buɗe ofis ranar Litinin na kama hannun ɗan Kumasi muka je wajen 'yar Senegal, aka duba lasisinsa, aka sa sunansa. Tun daga ranar direbobi biyu gare mu, duka inshora ta san su, kuma in ɗaya ya samu uzuri ɗayan ne ke karɓar makulli.